Teɓa a Jikin Matasa: Yadda Ake Aunawa a Gida da Matakan Rage Ta

Iyaye sun daɗe suna aiko min da tambaya iri ɗaya: yaro ɗan shekara 13 ko 16 ya ajiye tumbi, wandon makarantarsa ya daina rufuwa, shin jikin girma ne ko abin a tafi asibiti? Wasu sun ɗora yaron a sikeli, nauyin bai ba su tsoro ba, sai suka saki jiki. Sikeli kuwa ba ya gaya muku inda kitsen ya taru. Kitsen cinya da na damtse daban, wanda ya lulluɓe hanji da hanta daban. Na cikin nan shi ne ke hana insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yin aikinsa, ya share wa ciwon suga da hawan jini da kitsen hanta hanya tun yaro bai gama sakandare ba. Don haka ƙugu za mu auna, kuma da tef ɗin tela ma an gama. Ku bi matakan a jere, kada ku tsallake na farko.

Mataki na 1: Ku tabbatar kitse ne

Ba kowane ƙaton ciki ne teɓa ba, musamman a ƙasarmu. Tsutsar ciki, tsargiya da ta daɗe har ta taɓa hanta, kumburin saifa, taruwar ruwa a ciki, ƙari a mahaifa ko a ƙwan mace, duk suna turo ciki gaba. Teɓa tana da taushi, ana iya kama fatar a ji kauri, tana taruwa a hankali cikin watanni, kuma yawanci za ku ga kumatu da wuya da ƙirji su ma sun ciko.

Gargaɗi: idan cikin ya yi tauri kamar ganga, ko ya tashi cikin 'yan makonni, ko yana ciwo, ko hannuwa da ƙafafu sun rame, ko idanu sun yi ɗorawa, ko ƙafa tana kumbura, ko yarinya ta daina ganin al'ada, ku ajiye wannan jagorar ku tafi asibiti. Rage wa irin wannan yaro abinci cutarwa ce.

Mataki na 2: Kayan aiki

Tef ɗin tela wanda bai saki ba, fensir, littafi mai kwali mai tauri, bango mai santsi da daɓe a miƙe, da ƙaramin littafin rubutu da za a keɓe wa wannan aiki. Tef yana cikin kaya mafi araha a wajen masu sayar da zare da allura, in ma babu, telan unguwa zai ara muku. Idan shi ma ya gagara, zaren buhu ko igiya marar talewa ta isa. Zan faɗi yadda ake yi da ita a mataki na 5. Ba ku buƙatar sayen sikeli.

Kafin a ɗauko tef, a yi magana da yaron shi kaɗai, ba a tsakar gida gaban ƙanne ba. Uwa ko yaya mace ta auna budurwa, uba ko wa ya auna saurayi. Abin da na ga ya fi aiki shi ne a ce yau kowa a gidan za a auna, a fara da Baba. Sau da yawa ma tef ɗin can yake fara tona asiri, yaron kuma ya daina jin shi kaɗai aka sa wa ido.

Mataki na 3: Awon tsawo

Ya cire takalmi da hula, ita kuma ta cire ɗankwali ta kwance gashin da aka tufke a tsakiyar ka. Ya tsaya ya jingina da bango, dugadugai a haɗe, ido na kallon gaba, ba sama ba. A ɗora littafin a kansa a kwance, gefensa na manne da bango, a ja layi da fensir a ƙarƙashin littafin. A auna daga ƙasa zuwa layin da santimita.

Kuskuren da aka fi yi: amfani da tsawon da aka auna bara. Matashi na iya ƙara santimita da yawa a shekara guda, saboda haka duk ranar da za a auna ƙugu a sabunta awon tsawo.

Mataki na 4: Awon ƙugu

Nan ne ake yawan ɓata aikin, don haka ku bi a sannu. A yi awon da safe, bayan ya zaga, kafin karin kumallo. A ɗage riga, tef ya taɓa fata, ko a bar shimi marar kauri.

Ku sa yatsa a gefen jikinsa ku lalubo haƙarƙari na ƙarshe. Ku gangaro ku lalubo saman ƙashin kwatangwalo. Tsakiyar waɗannan wurare biyu nan ne ƙugun da ake nufi, kuma galibi yana ɗan sama da cibiya. A zagaya tef ta nan, a duba ta baya a tabbatar bai karkace ba. Yaron ya tsaya a sake, hannuwa a gefe, ya shaƙi numfashi ya fitar kamar yadda ya saba, a karanta lambar a ƙarshen fitar numfashin. Tef ya kwanta a jiki ba tare da ya nutse cikin fata ba. A maimaita sau biyu. In bambancin ya wuce santimita 1, a sake.

Gargaɗi: kada a auna inda wando yake zama. Samari da yawa suna ɗaure wando a ƙarƙashin tumbin, awon can zai ba ku lamba mai daɗi wadda ba gaskiya ba. Haka kuma ku lura da mai shanye ciki don kunya: ku ja shi da hira har ya saki. A watan azumi kada a yi awo bayan buɗe baki.

Gargaɗi na biyu: tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci da santimita. Telolinmu da inci suke aiki, shi ya sa hannu ke saurin juyawa can. Ku yi duka awon biyu da fuska ɗaya. Inci 1 daidai yake da santimita 2.54.

Mataki na 5: Lissafi

A raba awon ƙugu da awon tsawo. Ƙa'idar a taƙaice: ƙugu kada ya kai rabin tsawo. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin duba marasa lafiya a Ingila ta shigar da wannan awo cikin jagorarta a 2022, har ga yara daga shekara 5, kuma ga yadda ta kasa sakamakon: 0.4 zuwa 0.49 lafiya lau, 0.5 zuwa 0.59 kitsen ciki ya ƙaru, 0.6 zuwa sama ya yi yawa sosai.

Misali, yarinya mai tsawon santimita 165 da ƙugu 78 ta samu 0.47, babu damuwa. Yaro mai tsawon 160 da ƙugu 84 ya samu 0.53, lokacin gyara ya yi. Mai tsawon 155 da ƙugu 95 ya samu 0.61, wannan sai an haɗa da likita.

Mai amfani da zare kuwa, ya yanke shi daidai tsawon yaron daga ka zuwa ƙasa, ya ninka biyu, ya zagaya ƙugun da shi. Idan bakunan sun haɗu, madalla. Idan sun kasa haɗuwa, an haura rabi. Ina son wannan hanya don kaka da ba ta yi boko ba ma za ta gani da idonta, kuma a gidaje da yawa sai kaka ta yarda ake iya sauya abin da ke shiga tukunya.

A rubuta kwanan wata, tsawo, ƙugu da sakamako a littafin.

Mataki na 6: Neman musabbabi

Kada a fara hana komai tukuna. A ɗauki mako guda ana rubuta abin da yaron ya ci da abin da ya sha, har na hanyar makaranta da na Islamiyya, da lokacin da ya kwanta, da awannin da ya yi riƙe da waya. Ba tuhuma ake yi ba. Idan ya ji za a yi masa faɗa zai ɓoye, littafin ya tashi a banza. Daga nan a zauna a amsa waɗannan tambayoyi.

Akwai mai ciwon suga ko hawan jini ko teɓa a iyaye da kakanni? Mahaifiyarsa ta yi ciwon suga lokacin da take ɗauke da cikinsa? An haife shi ɗan ƙarami, ko ya yi fama da tamowa yana yaro, daga baya ya yi ƙiba da sauri? Wannan na ƙarshe mutane ba su cika saninsa ba: jikin da ya sha yunwa da wuri ya fi saurin tara kitse a ciki idan wadata ta zo. Waɗannan ba a iya sauya su, amfaninsu su gaya muku cewa wannan yaro ba irin wanda za a ce bari mu gani ba ne.

Sauran kuwa suna hannunku. Kwalba nawa ta lemo a mako? Ina kuɗin tara yake tafiya? Yana karyawa kafin ya fita, ko sai ya yini da yunwa ya dawo ya haɗa taliyar leda uku da ƙwai? Da ƙafa yake zuwa makaranta ko a adaidaita sahu daga ƙofa zuwa ƙofa? Yaran da suka fito daga makarantar safe suka faɗa lesin, daga nan Islamiyya, daga nan waya har tsakar dare, za ku tarar a yini guda ba su yi tafiyar minti 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan kashi 81 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun isasshen motsa jiki, kuma 'yan mata sun fi yawa a ciki.

Sai tambayar da ta fi damuna, wadda ya kamata uwa ta yi wa 'yarta a ɗaki cikin lalama: tana shan wani abu don ta yi ƙiba ko ta ciko? Magungunan da ake kira sha-ka-fashe sun cika kasuwa da shafukan masu tallar kayan gyaran jiki, kuma ƙawaye ne ke koya wa juna, musamman idan biki ya matso. Wasu na buɗe ciki ne, irin su cyproheptadine. Mafi muni shi ne dexamethasone, wanda ake ce wa deksa, da danginsa irin su prednisolone. Ba ya ciko da inda ake so. Fuska yake kumburawa ta zama kamar faranti, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ya bar hannu da ƙafa sirara, ya fito da nankarwa mai faɗi, ya ɗaga suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da dangin wannan magani, kuma fata na tsotse shi idan an daɗe ana shafawa a duk jiki.

Gargaɗi: idan kun gano ta shafe makonni tana shan deksa, kada ku ƙwace ku zubar a ranar. Tsayar da shi farat ɗaya na iya jefa ta cikin mummunan hali, jini ya faɗi ƙasa har ta suma. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa. Haka yaron da likita ya ɗora a kan maganin asma, farfaɗiya ko taɓin hankali: wasunsu na sa ƙiba, amma magana za a yi da likitan, ba a daina sha ba.

Mataki na 7: Zuwa asibiti

A je idan sakamakon ya kai 0.6, ko ya kai 0.5 tare da ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon suga a dangi na kusa, minshari mai ƙarfi da gyangyaɗi a aji, yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ciwon kai a kai a kai, al'ada mai tsallake watanni tare da ƙuraje da gashi a haɓa, ciwon gwiwa ko kwatangwalo da ɗingishi, ko baƙi-baƙi mai kauri a bayan wuya da hammata.

Wannan baƙin wuyan ku lura da shi. Iyaye mata nawa ne suka dirje wuyan yaro da soso har ya yi ja, suna yi masa faɗan ƙazanta? Ba dauɗa ba ce. Alama ce cewa jiki ya fara bijire wa insulin, sabulu ba ya fitar da ita, man bilicin kuma ƙara ɓata lamarin yake yi.

Ku nemi a auna hawan jini, da suga kafin a ci abinci, sannan in likita ya ga dacewa a duba kitsen jini da lafiyar hanta. Awon hawan jini da na suga su ne masu araha, ana yin su ko a ƙaramin asibitin unguwa. Na kitse da na hanta sun fi tsada kuma farashinsu ya bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ku tambayi kuɗin kafin a ɗebi jini. Kafin awon suga, yaron ya kwana awa 8 bai ci komai ba sai ruwa. Suga daga 5.6 zuwa 6.9 a ma'aunin mmol/L, wato 100 zuwa 125 a ma'aunin mg/dL, gargaɗi ne, 7.0 ko 126 zuwa sama sai an maimaita don tabbatar da ciwon suga.

Gargaɗi: idan damtsen yaron babba ne, a ɗaura masa babban maɗauri wajen awon hawan jini, ƙarami yana ƙara lamba. Mai sikila kuma a gaya wa likita, domin gwajin suga na wata uku da ake kira HbA1c ba ya ba da sahihin sakamako a jikinsa.

Mataki na 8: A fara da abin sha

In abu ɗaya kawai za ku iya sauyawa a watan farko, ya zama wannan. Lemon kwalba irin na kola yana ɗauke da sukari wajen giram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100. Robar 50cl ke nan ta haura giram 50, kimanin ƙaramin cokali 13. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini, kusan giram 50 ga mai cin abinci daidai misali, kuma in an iya a tsaya a rabin haka. Roba ɗaya ta cinye kason yini duka. Mai shan ɗaya kullum, a wata ya sha fiye da kwali uku na sukari mai ƙwaya. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Najeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya hana yaro saye ba, aikin ya koma kan gida.

Kada ku musanya lemo da abin da yake daidai da shi. Lemon malt, lemon kwali, yogot mai zaƙi, lemukan ƙara kuzari da samari ke sha lokacin jarrabawa, zoɓo da kunun aya na sayarwa, fura da aka zuba wa sukari cokali huɗu, shayi mai kauri da madarar gwangwani, duk hanya ɗaya suke bi. Zuma ma sukari ce. A daina ajiye katan a gida. A dafa zoɓo da citta da kanumfari, a riƙa rage sukarin da rabi duk mako har harshe ya saba. A sa ruwa mai sanyi inda hannu zai kai, a ba shi gora ya tafi da ita makaranta. Kuɗin da aka saba kashewa a lemo ya isa sayen gwaiba, kankana, lemon zaƙi ko gyaɗa.

Mataki na 9: Gyaran kwano

Ba a buƙatar abincin kanti mai tsada. Tuwon dawa, gero, acca, wake, alale, dambun zogale, faten tsaki mai ganye, kwaɗon rama, miyar kuka da kuɓewa da alayyafo sun wadatar. Sauyin a rabo yake: rabin kwano ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa, sauran wake, kifi, ƙwai ko nama. Malmala biyu ta koma ɗaya da rabi, miya ta ƙaru. A riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Fanke, cincin, soyayyen dankali da awarar da ta sha mai su koma na jefi-jefi. Taliyar leda in za a ci, ɗaya, da kabeji da karas da ƙwai.

Ya karya kafin ya fita, ko da koko da ƙosai biyu ne ko dafaffen ƙwai. A ci abincin dare da wuri, a zaune tare, ba waya a hannu.

Gargaɗi: kada a dafa wa kowa shinkafa da kaza a ajiye masa kwaɗo shi kaɗai. Kada a sa shi yinin yunwa. Yana kan girma, yana buƙatar abinci mai gina jiki, 'yan mata kuma suna buƙatar mai ƙara jini. Tsokana da sunaye irin su lukuti ko ɓuleliya, daga ƙanne ko daga manya, a hana ta gaba ɗaya. Idan kun lura yana ɓoye abinci, ko tana shiga banɗaki ta yi amai bayan ci, ko tana ramewa da sauri tana ƙin cin komai, ku kai ta wajen likita, wannan wata cuta ce daban.

Kada ku kashe ko sisi a kan shayin rage tumbi, ɗamarar matse ciki ko jiƙon kasuwa. Yawancin shayin nan filasko ne ko mai sa fitsari: ruwa yake fitarwa, kitsen na nan.

Mataki na 10: Motsi da barci

Abin da ake so ga masu shekara 5 zuwa 17 shi ne minti 60 a yini na motsin da ke sa numfashi ya ɗaga. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Wanda bai saba ba ya fara da minti 15, a ƙara biyar duk mako. Ƙwallo bayan la'asar, keke, sauka daga adaidaita kafin a iso gida a ƙarasa da ƙafa, aiken kasuwa.

'Yan mata ne ake mantawa. Da zarar yarinya ta fara zama budurwa sai a ce ta girmi wasa, filin ƙwallo kuma ba nata ba ne. Tsallen igiya a tsakar gida, 'yar gala-gala da ƙanne, daka, tafiya da sassafe tare da uwa ko yaya, duk suna cikin lissafi, kuma igiya ba ta da tsada. A lokacin zafi a zaɓi bayan asuba ko dab da magariba, a sha ruwa.

Kuskure: dogaro da atisayen kwanciya a tashi don narkar da tumbi. Yana ƙarfafa naman ciki, amma kitse ba ya narkewa daga wuri ɗaya don an matsa masa.

Barci kuma awa 8 zuwa 10 ne ga masu shekara 13 zuwa 18. Ƙarancinsa na ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi. Mai tashi sallar asuba ya wuce makaranta, lissafin ya nuna wajen ƙarfe 9 ya kamata ya kwanta. A sa wa wayoyin gida wurin kwana a falo, har da ta iyaye.

Mataki na 11: Sake awo

Sau ɗaya a wata, da tef ɗin da aka fara da shi, mutum ɗaya, da safe. Awon kullum ba ya nuna komai sai tayar da hankali. Kada ku sa ran gani a makon farko, kuma kada ku damu in nauyi bai sauka ba, domin tsawon da yake ƙarawa yana taya ku aiki. Yaron nan na misalinmu mai tsawon 160 da ƙugu 84, idan ya kai 166 ƙugunsa ya dawo 82, ya koma 0.49 ko da sikeli bai motsa ba.

Bayan hutun makaranta da bayan Sallah lambar kan ɗan hau. A rubuta a ci gaba. Idan wata uku zuwa shida sun wuce ana bin matakan amma sakamakon na ƙaruwa, ko yaron na ƙiba alhali tsawonsa ya tsaya cak, a koma asibiti da littafin awon a hannu, a nemi ganin likitan yara ko masanin abinci.